Ɗakin Da Uthman Zai Iya Barci

Tun da Uthman ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa da mutane, dangin Rahmatu suka daina kiran sunansa. Sai dai su ce "yaron nan", ko kuma "mai lalurar nan".

Kafin a tare motarsu a hanyar Kagara, shi ne surukin da ake alfahari da shi a gidan. Likitan dabbobi ne, mai kunya, an riga an kai gaisuwa, sa rana kawai ta rage. Ya shafe watanni a daji. Da ya dawo, raunukan jikinsa sun warke, amma barci ya ƙaurace wa idonsa. In babur ya wuce da ƙara sai ya zabura. In aka buga ƙofa sai gumi ya keto masa, ya riƙa neman kusurwar da zai raɓe.

Rahmatu kuwa tsara gida ne sana'arta. A jami'ar da ke Gidan Kwano ta karanta zanen gini, kuma amare da yawa a unguwannin Tunga da Bosso na Minna ita ta yi musu jere. Da likita ya ce ban da magani Uthman yana buƙatar wuri mai natsuwa, sai ta karɓi makullin ɗan gidan da Uthman ya gina musu a unguwar Dutsen Kura, ta ce a bar mata sauran.

Ba ta taɓa yin aikin da ya ci ranta irin wannan ba. Koren fentin da aka fara shafawa ta sa aka kankare, don ta lura duk sanda ya shigo sai ya sunkuyar da kai, launin yana tuna masa daji. Ta maye shi da launin madara mai ɗan duhu. Ta sa aka toshe tagar da ke kallon titi, aka buɗe wata ta bayan gida inda iska ke gangarowa daga kan dutse. Ta shimfiɗa kafet mai kauri don kada a ji takun mutum. Gado ta ajiye shi yana fuskantar ƙofa, yadda mai kwance zai ga duk wanda zai shigo. Igiyar ɗaure labule ma ta cire. Turaren wuta, da duk son da take masa, ta hana a kunna, domin ƙaurin hayaƙi yana mayar da shi sansanin mutanen nan.

Ndakotsu kafinta, da ta ce ya cire sakatar waje daga ƙofar ɗakin, ya daɗe yana kallonta.

"Hajiya, kai ba ya so a kulle ɗaki?" ya tambaya da 'yar Hausarsa da ba ta nuna ba.

"Ba na so a iya kulle shi daga waje," ta ce. "Ta ciki kawai za ka bari."

Ranar Asabar da hantsi ta iso gidan tare da Nabila, ƙanwar Uthman. A ranar ne Baffa Dabo, yayan marigayi mahaifinta kuma waliyyinta, ya yi alkawarin zai zo ya ga gidan da mai gidan da idonsa, kafin ya yanke magana.

Nabila ce ta fara leƙa ɗakin, sai ta juyo da sauri ta ɗora yatsa a leɓe.

Uthman na kwance a gefen gado, ko hula bai cire ba, yana barci. Numfashinsa na fita a hankali, hannunsa ɗaya ya saki ya sauko ƙasa. Hasken da labule ya tace ya kwanta a fuskarsa.

"Anti Rahma," Nabila ta raɗa, "tun da ya dawo ban taɓa ganin ya yi barci ba tare da an ba shi ƙwaya ba. Da safe ya ce bari ya zo ya jira ku."

Rahmatu ta jingina da bango, ta rufe bakinta da gefen mayafi. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

Sallamar Baffa ce ta tashe shi. Ya fito falo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Baffa ya amsa a daƙile, ya shiga zagaya gidan, hannuwa goye a baya.

"Wannan shi ne ɗakin auren?" ya tambaya. "Ba talabijin, ba kabad ɗin kwanuka, ba komai? Kamar gidan da aka yi wa sata."

"Baffa, da gangan na bar shi haka," Rahmatu ta ce, kanta a ƙasa. "Tarkace yana cika ido, yana hana zuciya hutawa. Ku zauna ku ji yadda wurin yake."

Ya zauna a kan kujerar da ta nuna masa. Shiru ya ratsa falon, ba a jin komai sai kukan kurciya daga bayan gida. A hankali Baffa ya miƙe ƙafafunsa, ya ture hularsa baya kaɗan. Ya tambayi Uthman yaushe zai koma aiki, Uthman ya amsa a natse. Ya tambaye shi labarin ciwon da ke kama shanu a bana, suka ɗan taɓa hira. Rahmatu na kallon fuskar Baffa tana sassautowa, zuciyarta ta fara yin sanyi.

Ana cikin haka ne ƙarar ta taso.

Babura ne, sun fi uku, suka kwararo cikin layin a guje, suka ci burki a ƙofar gida suna ta murza wuta. Wani ya shiga dukan get ɗin ƙarfe da tafin hannu yana kiran a buɗe.

Kafin Rahmatu ta juya, Uthman ya riga ya kife a ƙasa, hannayensa biyu a ƙeya.

"Ku yi haƙuri," yake faɗi, jikinsa na ɓari. "Ban gudu ba, wallahi ban gudu ba. Kada ku harba."

"Uthman, gida ne, ni ce Rahma," ta ce tana matsowa.

Baffa ya riga ta. Ya sunkuya ya dafa kafaɗarsa yana cewa, "Kai, tashi mana." Hannun na taɓa shi Uthman ya yi kururuwa ya hankaɗe shi da dukkan ƙarfinsa. Tsohon ya tafi da baya, goshinsa ya daki gefen tebur.

Jini ya zubo a kan sabon kafet.

A daidai lokacin Alhaji Yunusa ya shigo da sallama, 'yan acaɓa na biye da shi ɗauke da naɗaɗɗun yadudduka. Shi ne mai babban shagon labule da kafet a Kasuwar Kure, inda Rahmatu ke sayen kayan aikinta. Matarsa ta rasu shekarun baya, kuma tun Uthman na daji ya fara kai wa Baffa gaisuwar Juma'a.

"Subhanallahi, Baffa, me ya faru?" ya ce, ya ruga ya tallafe shi. "Gudummawa na kawo wa amarya, ban san abin da zan tarar ba ke nan."

Rahmatu ta ɗago ta dube shi. Ita da bakinta ta gaya masa, ranar da take zaɓen labule mai kauri a shagonsa, cewa ƙarar babur ce abin da Uthman ya fi tsoro a duniya. Kuma duk Minna an san Alhaji Yunusa da motar kai kaya.

Bai yarda sun haɗa ido ba.

Da yamma aka kira ta falon Umma. Baffa na zaune, an manna masa filasta a goshi. Umma na gefe tana jan carbi, idanunta sun kumbura.

"Na je, na gani," Baffa ya ce. "Ba wanda ya ba ni labari. Magana ta ƙare."

Rahmatu ta zube a gabansa.

"Baffa, ku dubi girman Allah. Shirya abin nan aka yi. Kafin baburan nan su zo ai kuna hira da shi, kun ga lafiyarsa ƙalau."

"Na gani. To, su babura za ki hana su yawo a garin Minna? Ko ɗakin za ki riƙa ɗauka a kai kina bin sa da shi duk inda ya je?"

"Yana samun sauƙi. Yau ya yi barci, Baffa. Da kansa ya yi barci."

"Yau ni ya jefar. Gobe ke ce, da ciki ko da goyo. In ya farka cikin ruɗu ya ga kamar kina cikin mutanen nan, wa zai ƙwace ki? Labule?"

Ta fashe da kuka.

"Ban ce ya aikata laifi ba," Baffa ya ci gaba, muryarsa ta ɗan sauko. "Jarrabawa ce ta same shi, Allah ya yaye masa. Amma ubanki amanarki ya bar mini, ba amanarsa ba. Ba yarinya ba ce ke, ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba. Sai dai wannan kam ba da hannuna ba. Ga Alhaji Yunusa nan, mutum mai mutunci, ya daɗe yana jira."

"Mai mutunci ne zai turo babura kan marar lafiya?"

"Rahmatu," Umma ta katse ta. "Baffanki kike mayar wa magana?"

Ta rarrafa ta kama ƙafar mahaifiyarta.

"Umma, ke kin san shi. Lokacin da Abba ke kwance a asibiti, wa yake kwana a wurinsa? Wa ya ba shi jini? Yanzu da shi ya faɗi sai mu taka shi mu wuce?"

Umma ta kau da kai, hawaye na bin kuncinta.

"Na sani, ban manta ba. Amma ke kaɗai gare ni. Duk sanda kika tafi gidan nan sai in kasa cin abinci har ki dawo. Kin rame, kin bar aikin mutane, kullum kina can kina gwada fitila kina auna taga. Kin gyara masa ɗaki, Allah ya ba ki lada. Ki bar shi haka, ki dawo mini."

"In na bar shi, Umma, ɗakin ba zai yi masa komai ba."

"To ki zaɓa," Baffa ya ce yana miƙewa. "Gobe zan aika a mayar musu da kayansu."

Kwanakin da suka biyo baya Uthman bai ɗaga wayarta ba. Ta kira har ta gaji. Alhaji Yunusa kuwa ya zo har sau biyu, ta ƙi fita. A zuwan na biyu ya aiko a gaya mata shi ba ya gaggawa, kuma akwai sabon gidansa a hanyar Bosso da yake so ita ta tsara shi yadda ranta ke so. Ta ce a gaya masa ya nemi wani da zai riƙa sayar wa kaya, ita ta daina ciniki da shi.

Wata safiya tana shanya a tsakar gida, Nabila ta faɗo ba ko sallama, mayafinta a hannu.

"Anti Rahma, za su tafi da shi."

"Ina?"

"Wurin wani mai magani, a wani ƙauye can bayan Bida. Tun ranar nan bai sake runtsawa ba, dangin Baba suka ce aljanun daji ne suka biyo shi, asibiti ba za ta iya ba." Ta haɗiyi kuka. "Na tambayi wata da aka taɓa kai ɗanta can. Ta ce mari ake sa musu a ƙafa. A ɗaki mai duhu ake kulle su."

Rigar da ke hannun Rahmatu ta faɗi ƙasa. Ta shiga ɗaki ta zari hijabi. A zaure ta tarar da Umma tsaye ta tare hanya.

"Kada ki fita, Rahmatu."

"Umma, ɗaure shi za su yi. Mutumin da ya yi watanni a ɗaure."

"Yana da iyaye. In kika fita, Baffanki zan kira."

"Ki kira shi, Umma. Ki yafe mini."

Ta raɓa ta gefenta ta wuce, tana jin kukan mahaifiyarta har ta kai bakin titi.

A ƙofar gidan su Uthman da ke Kpakungu ta tarar da mota a tsaye, an riga an sa jaka a but. Maza na tsaitsaye, mata na leƙe daga zaure. Uthman na zaune a kujerar baya, ya zabge, idanunsa sun faɗa. Ta je ta riƙe bakin tagar.

"Sauko," ta ce.

Bai dube ta ba.

"Rahma, ki koma gida."

"Ka san abin da ake yi a can? Ka san mari za su sa maka?"

"Na sani. Ni na ce a kai ni."

Ta ƙura masa ido.

"Kai ka ce?"

"Na zubar da jinin Baffanki." Sai a lokacin ya ɗago. "Tun ranar, da na rufe ido fuskarki nake gani a maimakon tasa, kina kwance a kan kafet ɗin nan. Gara a ɗaure ni. In an ɗaure ni na san ba zan taɓa kowa ba."

"Ba kai ka yi ba, tsoro ne ya yi. Kuma turo su aka yi, ka sani."

"Ko turo su aka yi, hannuna ne ya ture shi."

"Likita ya ce za ka warke. Ka fara warkewa, na gani da idona. Ka manta yadda ka yi barci?"

Ya girgiza kai.

"Ban manta ba. Ban taɓa shiga wurin da ya karɓe ni kamar ɗakin nan ba. Na kwanta ina jin kamar ba abin da ya taɓa faruwa da ni. Amma Rahma, ba za ki ƙare rayuwarki kina tare mini ƙara ba. Kina tafiya a kan yatsu a gidanki, kina hana 'ya'yanki kuka. Wannan ba aure ba ne, jinya ce."

"Ni na ce na gaji?"

"Ba za ki taɓa cewa ba. Shi ya sa ni zan ce."

Direba ya tayar da mota. Rahmatu ta saki tagar, ta zagaya gaba, ta zauna daɓas a ƙasa, bayanta jingine da hancin motar. Mutane suka fara taruwa. Mahaifin Uthman ya matso, dattijo mai sanyin magana.

"'Yata, tashi. Kin yi mana abin da ba za mu iya biya ba. Kada ki ja wa kanki magana."

"Baba, ku mayar da shi asibiti, zan tashi. Ku mayar da shi Dutsen Kura, Nabila ta zauna da shi, ni ko ƙofar ba zan taka ba in haka ake so. Amma kada ku kai shi inda za a rufe shi."

Dattijon ya juya yana duban 'yan'uwansa.

Motar Baffa Dabo ce ta shigo layin. Ya fito, filastar na nan a goshinsa, ya tsaya a kanta.

"A titi, Rahmatu? A gaban mutane?"

"Baffa, ban taɓa saɓa muku ba."

"Yau kin saɓa. Uwarki na can ta faɗi, maƙwabta ke yi mata fifita. Ki tashi ki shiga mota. In kika bari na maimaita, ki nemi wani waliyyin, ki nemi wani gidan."

Ta dafe ƙasa da hannu biyu, ta ƙi tashi.

Sai ta ji an buɗe ƙofar mota. Uthman ya fito yana dafa jikin motar, ya zo ya durƙusa a gaban Baffa cikin ƙura.

"Baffa, ku gafarce ni abin da na yi muku."

"Na yafe tun a ranar."

"To ga shaidu." Ya ja numfashi. "Na janye maganata a kan Rahmatu. Ba tilasta ni aka yi ba. Gidan Dutsen Kura kuma na bar mata, guminta ne a ciki. Ku tafi da ita wurin Umma."

"Uthman, kada ka yi mini haka," ta ce. "Dube ni ka sake faɗa."

Bai dube ta ba. Ya miƙe ya koma mota, ya rufe ƙofa a hankali, ya yi wa direba magana. Tun da ta tare gaba, sai motar ta ja da baya. Rahmatu ta ji ƙarfen da ta jingina da shi ya zame, ta juya tana kallo har suka kai bakin layi, suka karya kwana suka hau titin Bida.

Baffa ya buɗe mata ƙofar motarsa.

"Shi ke nan, ya sauwaƙe wa kowa. Taho mu je."

Ta miƙe da ƙyar, hijabinta duk ƙasa. Ta dubi ƙofar da ya buɗe, ta tuna Umma kwance ana yi mata fifita. Ta dubi bakin layin, inda ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba.

"Baffa, ku ce wa Umma ina nan dawowa, in nemi gafararta a durƙushe. Amma sai na ga inda za su ajiye shi."

"Rahmatu, in kika wuce ni…"

Ta riga ta wuce. A bakin titi ta ɗaga wa mai keke-napep hannu, ta shiga tun bai gama tsayawa ba.

"Hajiya, ina za a?"

Ta nuna farar motar da ke ƙanƙancewa a nesa.

"Bi ta. Duk inda ta tsaya, nan za ni."